Ganye a Kan Hanyar Gwaram

Sunana Yahuza, ni ne wakilin dattawa a ƙungiyar direbobi ta tasharmu a Birnin Kudu. Shekara talatin da takwas na yi ina murza sitiyari kafin ciwon baya ya sauke ni, na sayar da motar, na koma zaman benci a gindin darbejiyar bakin ofis. Kujerar wakilcin nan kuwa ba a faranti aka miƙo mana ita ba. Sai da muka yi shekara biyu muna kai ruwa rana da yaran direbobin nan kafin su yarda a ware wa tsofaffi mutum ɗaya a cikin shugabanni, wanda zai yi magana da yawun waɗanda suka haura sittin da waɗanda suka ajiye tuƙi. Tsofaffin suka ce ni suke so, don sun san ba na haɗiye magana.

Ban kuma ba su kunya ba. Ni na tsaya kai da fata har aka yarda cewa ranar kasuwar Gwaram lodi uku na farko na dattawa ne, su tafi da sanyin safiya, su dawo kafin rana ta gasa su. Har yau ina alfahari da wannan.

Ana nan, farkon daminar bana, ciyaman ɗinmu Hadi ya kira taro. Hadin nan fa na san shi tun yana yawo ba wando, ubansa ma a bayana ya koyi mota. Wai ya zo da sabuwar doka: duk direban da ya haura sittin sai ya je asibiti an gwada idonsa kafin a sabunta masa katin shiga layi. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono. Na miƙe ko izini ban nema ba, na tambaye shi a cikin hatsarurrukan da aka yi daga bara zuwa bana, guda nawa ne na tsoho? Babu ko ɗaya. Na ce duk na masu gudun wuce sa'a ne, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya. Na nuna Malam Ibrahim Dogo, na ce ga mutumin da in ya tayar da mota sai ya kashe wayarsa ya jefa a aljihu, ko matarsa ba ta samunsa sai ya isa. Na rufe da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsofaffi suka ɗau tafi.

Hadi bai yi fushi ba, murmushi ma ya yi, irin murmushin nan nasa da ke ƙara tunzura ni.

"Mun ji, Baba," in ji shi. "Ba za a kai kowa asibiti ba. Amma kai za ka sa hannu. Wanda ka ce yana gani, to yana gani."

Sakatare ya miƙo takarda mai suna goma sha ɗaya. A tsaye na sa hannu a gaban kowane suna, ko zama ban yi ba, don kada a ce na tsaya tunani. Na fito ana ta dafa kafaɗata ana cewa Allah ya bar mana kai.

Sunan farko a takardar nan na Barau ne. Ni da Barau tare muka yi karen mota a hannun ubangida ɗaya, tare muka kwana a ƙarƙashin mota, tare muka karɓi lasin. A duk tashar nan babu wanda ya san hanyar Gwaram kamarsa. Mukan yi masa tsiya mu ce ko an ɗaure masa ido zai kai fasinja, shi kuma ya yi dariya ya ce a gwada mana.

Bayan taron da kamar sati uku, matarsa Hadijatu ta zo gidana da la'asar. Ta daɗe a ɗakin matata A'i kafin a ce tana son magana da ni. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi ta kwana-kwana, sannan ta ce idon Malam ne. Ta ce tun kafin azumi ba ya gane mai shigowa sai ya yi magana. Ta ce rannan ta matsar da randa don ta share wurin, ya fito alwala ya yi karo da ita har ta fashe, kuma da rana tsaka.

"Tun ranar ban sake matsar da komai a gidan ba, Malam Yahuza," ta ce. "Ko turmi."

Ta ce ya yi mata rantsuwa in ta faɗa wa wani, bakin zamansu ke nan. Maimakon in gode mata, sai na hau ta da faɗa. Na ce waye bai taɓa tuntuɓe a gidansa ba? Na ce so take a karɓe wa mijinta mukulli ya dawo ya zauna mata a zaure kamar kayan wanki? Ta share hawaye, ta ba ni haƙuri, ta tafi. Da ta fita A'i ta ce mini ba da Hadijatu nake faɗa ba, da takardar da na sa wa hannu nake. Na daka mata tsawa ita ma, amma tuwon ranar bai shiga ba.

Washegari na sa wa Barau ido a tasha. Na lura ba ya fara gaida kowa, sai an yi masa magana ya amsa da sunan mutum daidai. Na je na tsaya a gabansa, taku huɗu tsakaninmu, ban ce uffan ba. Ya yi ta kallon saitin kafaɗata yana tauna goro. Sai da na yi gyaran murya ya ce, a'a, wakili, yaushe a gari? Na gaya wa kaina ai hankalinsa ne ya tafi wani wuri, kowa yakan yi haka.

Ranar kasuwar Gwaram ta zo, bayan an kwana ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Layin dattawa a ranar Barau ne na ɗaya, Dogo na biyu. Na ce wa kamasho mai lodi zan je Gwaram duba ƙanwata, kuma kujerun gaba biyun duka nawa ne saboda bayana. Barau yana jin muryata ya ce bismillah, shigo. A baya mutum bakwai aka cusa: mata huɗu, ɗaya da jariri a cinya, da maza uku, ga kaya an tula musu har a ƙafafu.

Muka fita gari. Kai, Barau direba ne! Yadda yake sauya giya ko jariri ba zai farka ba. Bai wuce sittin ba, bai kuma bar hannunsa ba. Na fara sakin jiki, har ina cewa a raina mata dai ba su rabo da ƙarin gishiri. Na ga leɓɓansa suna motsi a hankali, na ce Allah sarki, tasbihi yake.

Can bayan mun wuce wani ƙauye akwai wani wuri da muke kira ramukan giwa, don shekara da shekaru ramuka ne manya a jere. To amma an cike su. Da idona na ga ana zuba kwaltar a watan jiya, lokacin da na je ta'aziyya, ga ta nan baƙa wuluk, sumul. Muna isa Barau ya rage gudu, ya karkata hagu. Ya dawo dama. Ya sake yin hagu, ya ɗan taka birki, ya lallaɓa motar ta gefen ramin da babu shi. Na dubi titi, na dubi bakinsa. Ashe ba tasbihi yake ba, ƙirga yake yi.

A nan ya kamata in ce ya tsaya, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma sai na ce bari mu isa Gwaram tukuna, in ja shi gefe mu yi maganar mu biyu, a rufa masa asiri. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Gaskiyar ita ce murmushin Hadi nake hangowa, da yadda za a ce wakilin dattawa ya sa hannu a kan makaho. Asirin da nake son rufewa rabinsa nawa ne.

Sai na koma yi masa ido a fakaice. In ce, ka ga Fulanin can da shanunsu har bakin kwalta, sai ya rage gudu ya ce ai na gan su. In ce, mai babur ɗin nan da buhuna uku ko ina za shi, sai ya danna hon ya ba shi hanya. Bai tambaye ni dalilin surutun ba, ni ma ban dube shi ba. A haka muka yi tafiya mai ɗan nisa. Abu ɗaya kawai ya tsaya mini a rai: tun ɗazu babu mota ko ɗaya da ta zo daga ɓangaren Gwaram, alhali da safe haka akan yi ta haɗuwa da su.

Akwai wata kwana kafin a gangara zuwa kwalbatin da muke kira na tsamiya. Muna shan kwanar na hango ganye a tsakiyar titi, rassa ɗanyu shar, an jera su tuli-tuli. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san ma'anar wannan: mutanen ƙauye ne ke cewa akwai bala'i a gaba, a tsaya. Na jira in ji ƙafar Barau ta bar totur. Muka bi ta kan tulin farko, rassan suka yi ƙara a ƙarƙashin mota, sai ya ce iskar jiya ta yi ɓarna. Muka taka na biyu, ga gangara ta fara jan motar.

"Birki, Barau! Taka birki!"

Ya taka da duk ƙarfinsa. Tayoyi suka yi kuka a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, motar ta ja gefe, kaya suka zubo a kan mutane, mata suka ɗau salati. Muka tsaya. Daga hancin motar zuwa inda titi ya ƙare bai fi taku uku ba. Ruwa ya cinye kwalbatin, sai wani wawakeken rami da jan ruwa ke gudu a cikinsa yana tafiya da karan dawa.

Fasinja suka fito, wasu na hamdala, wasu na zagi. Mai jaririn ta zo saitin tagar Barau, ta tambaye shi duk ganyen nan bai gani ba? Ya kashe mota, ya zare mukulli, ya miƙo mini. Ba saitin hannuna ya miƙo ba, ɗan gefe ya miƙa, sai da na kai hannu na karɓa. Na so in zazzage shi tas, amma da wane bakin? Tausayinsa da kunyar kaina suka taru suka hana ni.

"Yahuza," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ke bayana a layi?"

Na ce Dogo.

"Ni ina ganin inuwa-inuwa," in ji shi. "Dogo tun bara ya zo in koya masa ƙirgar."

Na lalubo waya, na kira Dogo. A kashe take, kamar yadda na yi ta yabonsa a gaban taro. Na kira kamasho, ya ce ai ranar kasuwa ce, motar Dogo ta cika nan da nan, ya tashi bayanmu da minti goma. Na waiwaya. Motarmu na tsaye a bakin rami, mata da jariri a kewaye da ita, ganyen da aka jera kuma mun tattake shi mun watsar.

Na ce wa mazan su janye mutane daga kan titi. Na tuɓe farar babbar rigata, na kama hawan gangarar nan da bayan da ko buta ba ya bari in ɗauka ba nishi. Ban san yadda na kai ba. Na wuce kwanar, na ƙara gaba kaɗan inda hanya ta miƙe, na tsaya a tsakiyar kwalta, don mai ganin inuwa ba zai ga wanda ya raɓe a gefe ba.

Ban daɗe ba na jiyo ta. Salansar motar Dogo a fashe take, ko a cikin mota ɗari zan gane ƙararta. Ta ɓullo daga nesa, kaya a samanta, tana tafe a hannunta tsaf, ba gudu ba sanda, tuƙin dattawa. Sunansa ne na biyu a takardar, ni na sa hannu cewa yana gani.

Na ɗaga rigar da hannu biyu ina kaɗawa, na kasa kunne ko zan ji ƙarar injin ta sauka. Motar ta yi ta matsowa har na fara gane fuskarsa ta cikin gilashi, da jar hularsa, da hannayensa biyu a kan sitiyari. Leɓɓansa suna motsi.