Yaran Yendi Duk Sun Warke

Idan da littafi ake warkewa, da tuni an rufe asibitocin Yendi an mayar da su rumbun doya. Abin da Raihanatu ta raya a ranta ke nan da ta baje rahotannin wata shida a kan teburinta a Salaga. Ita ce mai duba aikin wata ƙaramar ƙungiya da ke bin yara masu lalurar ɗabi'a gida-gida, irin waɗanda ba sa magana ko suke ji wa kansu rauni. Ma'aikatanta uku, fom ɗinsu iri ɗaya, amma kowa da kiɗan da yake rawa da shi.

Mardiya ta Salaga takan cika fom ta juya bayansa, har abin da akuyar gidan ta ci sai ta rubuta. Jibirilu na Bawku ɗan 'yan shanu ne, yana ƙirga kukan yaro kamar yana ƙirga kai a kara: uku, bakwai, biyu. Shi kuwa Inusah na Yendi, Allah ya yi masa baiwa. Yara goma sha huɗu, wata shida, kalma biyu: lafiya lau.

Babban ofis ya ga haka ya yi murna, ya ce a sallami yaran Yendi a ba wasu gurbinsu. Ta farko a jerin ita ce Anisatu, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda Raihanatu ta taɓa gani da idonta tana cizon hannunta har jini. In aka sallame ta, babu mai ziyara, babu malamar da ke zama kusa da ita a aji, kuma makaranta ba za ta riƙe ta ba. Ranar Juma'a za a sa hannu. Ranar Laraba Raihanatu ta hau motar Yendi, zuciyarta ba daɗi.

Inusah ya tare ta a tasha da babur ɗinsa wanke tas. Ba maƙaryaci ba ne, kuma ba rago ba. Saurayi ne mai son a ce ya fi kowa sauri.

"Madam, yarinya ya warke," ya ce da Hausarsa ta zango, unguwar baƙi. "Ni ina tambaya, maman shi ina faɗi, ni ina rubuta. Gida goma sha huɗu kafin azahar, finish."

"Kafin azahar? Ma sha Allah. A ina kake ajiye moto, babur ɗin nan naka?"

"Bakin ƙofa. Ba na kashe shi ma."

Raihanatu ta ce a ranta, ashe nan gizo yake saƙa. Ya goya ta a babur. Da suka kai bakin unguwa, wajen mai sayar da fetur a kwalba, sai ta dafe ƙugu ta saki wani nishi da ko mai naƙuda sai ta sara mata.

"Wayyo bayana! Ƙanena, tsaya nan. Lungun nan duk ramuka ne, mu taka da ƙafa."

Yana sauka ta zare makullin ta jefa a jaka, ta ce tana ajiye masa ne kada ya faɗi. Bayan nata kuwa garau yake, don sai da ya riƙa haɗawa da sassarfa kafin ya cim mata.

Gidan haya ne na iyali takwas. Mma Abibatu, mahaifiyar Anisatu, tana tsakar gida tana tsince wake. Mata uku na wanki kusa da ita, ana dirzar kaya a hankali don kada sabulu ya hana kunne aiki. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa.

"Mma, yaya Anisatu?" in ji Inusah, biro a hannu.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Barci?"

"Sai godiya."

Ya rubuta, ya dubi Raihanatu da murmushin wanda ya ci gardama, ya miƙe. Hannunsa ya tafi aljihu neman makulli ya dawo wayam. Raihanatu ta yi kamar ba ta gani ba. Ta shanye ruwanta a tsanake, ta yaba waken, ta tambayi lafiyar mutanen da ba ta ma sani ba, sannan ta yi sallama. Mma Abibatu ta ja mayafi.

"Bari in taka muku."

"A'a Mma, zauna, mu muna sauri," in ji Inusah. Raihanatu ta taka masa ƙafa da gangan, ta kuma ba shi haƙuri da fara'a.

Suka wuce ƙofa, Mma tana gaishe da maƙwabta. Suka wuce mai koko, ta yi zancen tsadar gawayi. Sai da suka kai gindin injin niƙa, inda ƙara ke rufe magana, ta rage tafiya.

"Af, 'yata, na kusa mantawa. Yarinyar nan fa ba ta barci."

Duk wanda ya tashi a zango ya san wannan mantuwar. Ba a tona sirrin gida a gaisuwa, balle a gaban maƙwabta. A rakiya ake kwance bakin jaka. Mardiya da ƙafa take yawo, shi ya sa littafinta ya cika. Jibirilu kuwa a kasuwa yake tsare iyaye, nesa da gida. Inusah kaɗai ne bai taɓa bari an raka shi ba. Tun a nan Raihanatu ta yanke abin da za ta ƙara a saman fom na garuruwan uku: a kashe babur, a ajiye shi nesa, kuma kada a rufe littafi sai mai rakiya ya juya gida.

Mma Abibatu ta ci gaba, idonta a ƙasa. Anisatu ta koma buga kai a bango. Mai gidan haya ya yi magana sau biyu. Ƙanin mahaifin yarinyar ya ce in ƙungiya ta janye, zai kai ta wani ƙauye wajen Gushegu, inda ake ɗaure irinsu a gindin itace har su yi laushi. Mma ta ɗaga hannun rigarta kaɗan, shatin haƙora ya fito, sabo a kan tsoho.

Inusah ya tsaya kamar an dasa shi. "Mma, don me ba ka faɗa mini ba?"

"Ɗana, ta ina zan fara? Kana tambaya ƙafarka ɗaya a waje, injin babur yana kuka." Ta gyara mayafi. "Malamarsu ta ce mini kun rubuta ta warke. Wallahi kwana ɗaya na yi ina murna. Na ce ku ne masu ilimi, wataƙila kuna ganin abin da ni uwarta ban gani ba."

Dariyar da Raihanatu ta taho da ita tun daga Salaga ta mutu a cikinta, tausayi da kunya suka kama ta, don ita ma wata shida tana sa hannu a ƙasan waɗannan takardu. Inusah ya tsuguna a gefen kwata, ya ɗora littafin a gwiwa, ya buɗe sabon shafi. 

"Mma, daga wace rana zan fara?"

"Fara daga azumi," in ji ta, ta nemi dutse ta zauna.