Saura Allura Goma Sha Tara

Jibrilla ya ja wandonsa sama, ya dafa bangon ɗakin allura har ƙasa ta daina juyawa.

"Malam Ephraim, jirin nan ya ƙaru. Kunne kuma sai ƙara yake, kamar injin niƙa."

Malamin asibitin ya ja layi a kan katin Jibrilla, bai ɗago ba. Tun safe yake tsaye, ga layi har gindin darbejiya.

"Allura ɗin ne, Bappa. Yana yi wa wasu haka."

"Zai tafi?"

"Wani yana tafiya, wani ba ya tafiya. Saura goma sha tara. In ka bari, wuyan zai dawo."

Jibrilla ya shafa wuyan. Kaluluwar da ta kumbura ta fashe tun damina, wadda wanzami ya tsaga sau biyu a banza, yanzu ta bushe. Wai tarin fuka ne, shi da bai taɓa tari ba. Matarsa Hansai ta daina wanke tsumman mugunya, har ta koma cin abinci kusa da shi. Sai dai shekara ashirin da biyu yana tuƙa kwalekwale tsakanin ƙauyensu da Jimeta, kuma aikin gora a tsaye ake yinsa. Mai jiri ba ya tsayuwa a kan kogin Binuwai.

A bakin ruwa mata huɗu suka shiga kwalekwalensa da buhunan dawa. Ya hau baya, ya kafa gora, ya tura. Kafin su bar gaɓa kogin ya karkace masa, ya faɗi a kan gwiwa, ruwa ya kwararo ciki. Ba wadda ta yi ihu. Wata tsohuwa ta ɗaure jikarta a baya, ta sauka cikin ruwa iya cinya, ta nufi kwalekwalen Nicodemus, abokin sana'arsa. Sauran suka bi ta. Kunya ta kama shi, ga gajiya har ƙashi.

A gida Hansai ta ce, "Gobe za ka koma asibitin?"



Da safe Jibrilla ya ja kwalekwalensa kan yashi, ya kife shi. Nicodemus ya gan shi tafe, ya kawar da kai, ya matsar da wata akuya. Jibrilla ya shiga kwalekwalen Nicodemus, ya zauna a tsakiya, wurin kaya, ya riƙe katin da hannu ɗaya, gefen jirgin da ɗayan.