Jan Biron Herr Kienzle

Takardar tana manne a ƙofar Yaneth Mosquera da salatif huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, babu wanda ya karkace. Herr Kienzle (wato Malam Kienzle a Jamusance) na hawan ƙasa ne ya rubuta ta: wannan makon nata ne na sharar matakala, ga shi har Asabar ta raba tsakiya bai ji motsin tsintsiya ba.

Herr Kienzle tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya rasa yaran da zai tsawata wa, sai ya mayar da gidan hayarmu mai hawa huɗu ajinsa. Ba shi ne mai gida ba, ba kuma wanda ya naɗa shi komai. Amma shi ke leƙa kwandunan shara da 'yar tocila, shi ke shafa yatsa a ƙarfen matakala ya ɗaga ya duba. Mu da muka daɗe mun san maganinsa: ka yi shara, ka gaishe shi, ka wuce. Mutumin da ya kai saba'in bai da abin alfahari sai ƙyallin daɓe, me za ka ce masa?

Yaneth ba ta san wannan ba. Ma'aikaciyar jinya ce daga Kolombiya, shekararta tara a asibiti, amma a Stuttgart ta Jamus wankan tsofaffi aka ba ta a gidan kula da su, har sai ta ci jarrabawar Jamusanci. Ta faɗi sau ɗaya. In ta sake faɗuwa a watan Yuni, aikin ya ƙare, sai gida. Ɗan ɗakin da take ciki ma sai da ta yi wata uku tana kwana a kujerar mutane kafin ta same shi, hayar shekara guda, domin a garin nan samun miji ya fi samun ɗaki sauƙi. Ga harshen babu tausayi: cokali namiji ne, cokali mai yatsu mace, wuƙa kuwa ba ta nan ba ta can.

Ta yi sharar, ta rubuta layi uku na ban haƙuri, ta zura ta ƙarƙashin ƙofarsa. Washegari takardar ta dawo jage-jage da jan biro. Kuskure goma sha ɗaya. A ƙasa ya rubuta: "A sake rubutawa da kyau, a sa hannu."

"Kin ga tsohon banzan nan?" Ta miƙa wa Senada, 'yar Bosniya da suke aiki tare, suna shan kofi a ɗakin hutu. "Ni na ba shi haƙuri, shi ya ba ni maki."

Senada ta bi jan rubutun da yatsa. "Ke, amma fa gyaran nasa daidai ne. Malamar ajinku mai ɗalibi ashirin da biyar, yaushe ta taɓa duba miki rubutu haka?"

Yaneth ta sake duban takardar. Can sai ta yi murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

Daga ranar ta buɗe makaranta ba tare da neman izinin malamin ba. Ta jefa kwalba a kwandon sharar da aka ware wa takardu kaɗai, har sau uku. Ƙorafi ya zo, ta amsa, jan biro ya biyo baya, ta sake rubutawa ta sa hannu. Ta kunna injin wanki ranar Lahadi da aka hana ƙara, ta koyi yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce. Ta jingina keke a zaure, ta koyi jimlar "da na sani". Kuskure ya sauko daga goma sha ɗaya zuwa shida, zuwa biyu. Mu kuwa maƙwabta muna kallo, muna mamakin yadda mace mai hankali ta zama annoba cikin wata guda.

"Jakina ne, yana ɗaukar min kaya bai sani ba," ta ce wa Senada. "Yau me zan ɓata masa? Ina buƙatar jimla mai tsawo."

"Ki soya kifi ki bar ƙofa a buɗe, 'yar uwa. Shafi guda zai rubuto miki."

Haka aka yi. Wayo ya yi mata daɗi har ta fara jin tausayinsa, irin tausayin da ake ji wa wawa.

Ranar jarrabawa aka ce su rubuta wasiƙar ƙorafi ga maƙwabci. Ta kusa yin dariya a cikin zauren. Ita ta fara ajiye biro. Sakamako ya fito a Yuli: ta ci, har da rara.

Ran nan ta gasa wainar masara irin ta ƙasarsu, ta rufe da ƙyalle, ta sauka ta danna ƙararrawarsa. Ya buɗe ƙofar daidai faɗin fuskarsa.

"Frau Mosquera. Ba mu yi da ke za ki zo ba."

"Godiya na zo yi, Herr Kienzle. Na ci jarrabawata, kuma ku ne sila." Jimlolin suna fitowa sumul, ita kanta tana jin daɗin su. "In faɗa muku gaskiya, duk laifin nan da gangan na yi, don ku riƙa gyara min rubutu."

"Na sani tun a takarda ta huɗu. Babu mai hankalin da zai jefa kwalba wuri ɗaya sau uku."

Murmushinta ya tsaya. "To me ya sa kuka ci gaba da gyarawa?"

Ya shige ciki, ya dawo da wani shuɗin fayil. Takardunta ne, ashirin da uku, kowace a cikin ledarta, an jera su bisa kwanan wata.

"A kowace ɗaya kin amsa laifinki, kin sa hannu. Mai gida ya ce sai da shaida zai ƙi sabunta miki haya." Ya rufe fayil ɗin a hankali. "Shekara talatin da takwas na yi ina koyarwa, Frau Mosquera. Ba zan haɗa wasiƙata da takarda mai kuskure ba."

Ya dubi farantin, ya ce ba ya cin abu tsakanin abincin rana da na dare, ya rufe ƙofa.

Wasiƙar mai gida tana cikin akwatinta a zaure. Ta ajiye farantin a kan matakala, ta farke ambulan ɗin, ta karanta a tsaye. Shafi biyu ne cike da dogayen jimloli irin na lauyoyi, da ranar da za ta miƙa makulli a ƙarshen Agusta. Ta karanta tun daga gaisuwa har zuwa sa hannu, babu kalma ɗaya da ta ɓace mata.