Jan Farce a Kan Madabod

Faustina ba ta yarda da masu gyara ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa. A wurinta duk ɓarayi ne masu sukundireba. Shi ya sa kafin ta ɗauko tsohuwar kwamfutar marigayi mijinta daga garin Gidan Waya, sai da ta buɗe cikinta ta bi kowane abu ta shafa masa jan farce, don kada a yi mata musanya. Da kwamfutar nan take buga wa ɗaliban kwaleji takardu, da ita take ciyar da yara. Ga shi kwamfutar ta yi nauyi, ɗalibai sun fara zamewa zuwa sabon shagon da ke kallon nata. Aka ce mata ta canza furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Chinedum, mai gyara a bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, ya haska ciki da tocila, ya ja tsaki.

"Madam, wa ya yi wannan aikin banza?"

"Ni ce. Ya tsone maka ido?"

"Kin rufe lambar madabod! Allon nan shi ke ɗauke da komai. In ban san lambarsa ba, yaya zan san furosesan da zai zauna a kai?"

"Kai dai ka ga an toshe maka hanyar sata."

Ya ce babu wuta, janaretansa kuma yana wurin gyara. Ya ce ta bar masa ita zuwa gobe, in ya kunna, kwamfutar za ta faɗi lambar da kanta.

"In bar maka ka kwana kana zaɓe? Allah ya kiyaye!"

"Me zan sata a wannan tarkace? Ta girmi ɗana na fari fa."

Kai, maganar nan ta ƙona mata rai. Kayan mijinta Silvanus ne tarkace? Ta zuge jaka ta zaro rezar da take yanka takarda.

"Kar ki taɓa! Bari a samo ruwan goge farce."

Ina! Wata dabarar ce kawai, ta ce a ranta. Ta danna reza ta kankare da ƙarfin haushi, har lambar ta fito fes. Ta karanto masa ita da babbar murya, yadda maƙwabta za su ji.

Chinedum ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Ina da furosesansa," ya ce. "Amma kin yanke layukan tagulla. Allon ya mutu."

"Ƙarya kake yi!"

Ta rungume kayanta ta hau acaɓa. A Gidan Waya akwai wuta, ɗalibai na tsaye a ƙofar shago da takardu a hannu. Ta jona waya, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta ce Yesu, ta sake.

Wata ɗaliba, Yemima, ta matso. "Mama, ki ba ni takarduna na jiya in kai sabon shagon can."