Mazurarin Ba'awa

...wai shi ya ɗaure ruwa. Shi, Gwadabe! Mutumin da ko akuyarsa in ya ɗaure sai ta kwance.

Yana tsaye cikin 'yar dangar nan ta bayan gidan dagacin Ba'awa, gora a hannu, rana na dukan ƙeyarsa. Ga abin da ya jawo masa duk wannan a gabansa: mazurari na jan ƙarfe kafe a ƙasa, da kwalba a cikinsa. Shi ke nan fa. In an yi ruwa ya tsiyaye a kofin awo, ya ga inda ya tsaya, ya aika wa masu duba yanayi a Kano. Aikin da En'e ta ɗauke shi ke nan. Bara da aka yi ta tafka ruwa har rumbuna suka cika, wa ya ce uffan? "Malam na awo, yau yaya ta kaya?" Da dariyarsu, da miƙo goro. Bana ruwa ya ɗauke bayan shuka, yabanya ta kwanta, sai aka tuna da kwalba. Wai ni'imar Allah ba a auna ta. Wai ya kafa wa sama mudu, ta yi fushi...

To hatsin da suke aunawa a kasuwa, har da tauye mudu, ni'imar wace ce? Munafukai!

Jiya a masallaci Lado ya janye ƙafarsa daga tasa. Lado! Wanda suka yi kaciya ɗaki ɗaya. Luba, matar shi Gwadabe, ta shiga maƙwabta ɗiban wuta aka ce mata wutar ta mutu, ga hayaƙi na tashi a murhu. Yau maza duk suna filin idi roƙon ruwa, riguna a juye, ba wanda ya leƙo ya ce taso. Kamar shi ba shi da gona. Kamar geronsa na hanyar Ɗansoshiya bai nannaɗe ya zama tsinke ba... Shi kwalbar zai dafa wa yara?

Amma gabas. Su dubi gabas mana!

Can ƙasa ƙasa ta yi baƙi. Tun safe tururuwa ke kwashe ƙwai, zafin nan kuma mai danne ƙirji ne, ya san shi. Ba mazurari ya gaya masa ba — mazurari bai san komai ba sai abin da ya faɗo cikinsa. Yau za a yi ruwa. In ya sauko abin nan na tsaye a wurinsa, an wanke shi, Lado ya haɗiye maganarsa. In kuwa suka riga suka tumɓuke shi... kowane ɗigo shaida ne a kansa. Har jikokinsa. Gidan wanda ya ɗaure ruwa.

Kaɗan ya rage. Ya tsare shi zuwa la'asar kawai.

Ga su nan. Kiɗan ƙwarya, waƙar roƙo, tsofaffin mata sun sha rigunan maza kamar yadda suke yi in fari ya yi tsanani. Su zo! Duk wadda ta taɓa dangar nan, wallahi — gorar ta yi nauyi a hannunsa. Wa ke gaba? Wannan rigar saƙi mai aikin zaren tsamiya a wuya... ta mahaifinsa ce, marigayi. Goggo Baraka ce a ciki.

Goggo? Ita da ta goya shi da uwarsa ta rasu. Bayanta mai warin daddawa, rafi ya kawo har ƙugu, tana cewa riƙe ni da kyau, ɗan nan. Ita ce fa ta ce ya karɓi aikin! Auna ruwa ai ya fi ɗaukar kwanon kuza a Riruwai, inji ta. Yanzu ita ce... Har ta ture ƙyauren dangar, ko kallon gorar ba ta yi.

"Goggo, ki dubi gabas. Don Allah ki ba ni zuwa la'asar."

"Na riga ka gani," ta ce ƙasa ƙasa, yadda na baya ba za su ji ba. "In hadarin ya wuce mu fa, kamar na rannan? Ƙarfe za su cire yau, ko kai gobe. Matsa."

Na rannan. Haka ya taso, haka ya yi cida, iska ta kwashe shi ta yi Bebeji da shi...

Ya ɗaga gora a kan wa? A kan rigar ubansa? Hannun nan nata duk jijiya ya kama bakin mazurarin, tana girgiza shi kamar mai cire rogo. Ƙasar ta bushe, ta riƙe shi gam. Riƙe, ƙasa, riƙe... Ƙasar ta sake shi. Guɗa ta tashi. Kwalbar ta gangara gefe, wayam, rami ya rage ɗan ƙarami, abin dariya.

Sai iska. Mai sanyi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana kaɗa rigar marigayi a jikin Goggo.

Bakinsa na motsi. Addu'a yake. Ya Allah ba yau ba, Ka kora shi, Ka kai shi Bebeji, ko ina, ba yau... Ya tsaya. Geron hanyar Ɗansoshiya. Yaran Luba. Duk Ba'awa na filin idi hannuwa a sama, shi kaɗai a nan yana roƙon kada a yi ruwa.

To me suka ce yana yi, da ma?

Gorar ta zame. Ya kasa ɗaga kai ya dubi gabas.