Famfon Motar Lado

Shekarar da fetur ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, motoci suka daina shiga Wagini. Ga tsada, ga masu tare hanya. A-kori-kurar Lado kaɗai ta rage tana fitar da wake da gero zuwa kasuwar Batsari, tsohuwa ce mai kafireta, wato tsohon tsarin ba inji mai. Ana tsakar kakar wake famfon man motar ya mutu. Aka duba Batsari, aka aika Katsina, babu irinsa.

Yayansa Sammani ya iske shi a ƙarƙashin motar. "Lado, ka sayar wa 'yan gwangwan ka koma birni kamar kowa."

"Yaya, in na tafi wa zai fitar da waken mutane? Buhu nawa jaki ke ɗauka? Ba inda za ni."

Ya hau mashin sai Batsari. Daudu mai kayan mota ya miƙo masa famfon lantarki, sabo fil a kwali. "Wannan ya fi naka ƙarfi sau goma."

Lado ya jujjuya shi. "Alhaji, na injekta ne, na motocin zamani. Kafireta ba ta son ƙarfi. In na ɗaura shi mai zai cika ta ya malalo kan inji mai zafi. So kake in ƙone da kayan jama'a?"

"Shi ke akwai. Ka ɗauka ko ka bari."

"Na bari."

Washegari ya nufi Safana. A rumfar wani tsohon bakanike ya samu wani famfon lantarki ɗan ƙarami, bai fi dunƙulen hannu ba, mai turo mai a hankali. Sai da aka jona shi da batir ya ga yadda man ke fita kafin ya yarda.

Da hannunsa ya ɗaura. Ya sa shi ƙasa-ƙasa kusa da tanki, don irinsa turawa ya iya, ba jawowa ba. Ya sa filta kafin famfon saboda dattin man bumburutu, ya sa fiyus, ya ja wayar daga makulli yadda in ya kashe mota shi ma zai tsaya. Ya murɗa. Aka ji tik-tik-tik, injin ya yi tari sau biyu, ya kama.

Ranar kasuwa da hantsi ya lodi buhu goma sha takwas. Huɗu na Turai ne, matar da aka kashe wa miji a gona bara, ta ce ƙafarta ƙafar wakenta, ta shiga gaba. Suna cikin yashin wani rafi motar ta mutu, daidai inda ba a son tsayawa. Turai ta kama salati.

"Kwantar da hankalinki, Iya."

Ya leƙa, fiyus ne ya ƙone. Ya zaro wani daga aljihu ya sauya, ya tayar suka haura. Kafin azahar Turai na zaune kan buhunta a kasuwa, tana ce wa dillali ya ƙara ko ya yi gaba.