Goshin Magajin Gari

Ni na goyi Khagendra, don haka mai kiran sa Magajin Gari ya kira, ni dai ƙanena ne, kuma na san shi da gudun rigima tun yana yawo ba wando. Shi ya sa ranar da majalisar garinmu ta zauna a kan makarantar Bakin Kogi ban sa rai da komai ba. Rumfar shayina tana jikin katangar ofishin, na kai musu shayi kamar kullum, na tsaya a bakin ƙofa da faranti ina saurare.

Gwamnatin tarayya a Kathmandu ita ke biyan malamai, kuma yawan yara take dubawa. Makarantar nan kuwa, inda ni da shi muka koyi karatu, ta zama kufai. Duk mai ɗan hali ya kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi, an bar 'ya'yan masunta da na 'yan dako. An ce bayan hutun Dashain, babban bikinmu na shekara, za a zo a ƙirga yara, in ba su kai adadin da ake so ba a rufe ta, a kwashe malaman.

Kansiloli kowa da abin da ya dame shi. Wannan ya ce fenti, wancan ya ce kwamfuta, wani ma ƙofa yake so mai zakuna biyu. Sai mataimakiyar magajin gari, Dilmaya, wadda bakinta ba linzami, ta ce, "Ku daina ɓata mana lokaci. Wa ke da ɗa a makarantar nan a cikinku?" Ba a samu ko ɗaya ba. Ta ce, "To a yi doka. Duk wanda jama'a suka zaɓa ya kai nasa can. In ɗanka na zaune a ajin da ke yoyo, ba sai an gaya maka abin da za a fara gyarawa ba."

Ƙuri'a ta rabu biyu, saura Khagendra. Kowa ya san 'yarsa Nirjala tana makarantar kuɗin da ta fi kowace tsada a garin, mai ita kuma surukinsa ne, Lok Bahadur, wanda ya tsaya masa har ya ci zaɓe. Na ce a raina, yanzu zai ce a kafa kwamiti. Sai ya ɗaga hannu ya goyi bayan dokar. Saura kaɗan farantin ya suɓuce mini.

Washegari ya kai yarinyar makarantar Bakin Kogi da kansa. Kansilolin kuwa, 'yan duniya, sai suka shiga jan ƙafa, wannan ɗansa na mura, wancan sai an gama zango. Jira suke Dashain ta zo su ga ko zai iya da surukinsa. In ya janye, su ma sun huta, makaranta kuma ta tafi.

Ranar tika, babbar ranar Dashain, kowa gaban manyansa yake zuwa, su manna masa jar shinkafa a goshi su sa masa albarka. Mu iyayenmu sun rasu, gidan Lok Bahadur Khagendra yake zuwa kowace shekara. Na bi shi da iyalinsa, don jikina ya ba ni ba lafiya.

Tsohon na zaune a kan darduma da tasar tika a gabansa. Ya sa wa 'yarsa Sabitra, matar Khagendra, ya sa wa Nirjala. Da Khagendra ya durƙusa, sai ya janye hannu.

"Magajin Gari," in ji shi, bai ma ce ɗana ba, "an ce jikata har ƙwarƙwata ta kwaso."

"Ta kwaso, Baba. An yi magani."

"Ni na gina makaranta, jikata tana zaune a ƙasa a ta wasu? Ka ce za ka maido ta bayan hutu, in sa maka albarka mu ci abinci."

Raina ya ɓaci, amma ba gidana ba ne. Khagendra ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan ƙafafun tsohon, ya daɗe a haka. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na riga na ɗaga hannu a gaban mutane." Ya miƙe ya sa takalmansa.

A waje na riƙo rigarsa. "Kai, shiga mota mu je gida. Ni ma ai yayarka ce, in sa maka kafin wani ya gani."

"Bari, Yaya," ya ce. "A ƙafa zan tafi."

Ta tsakiyar kasuwa ya bi. A ranar ko jaririn goye goshinsa ja ne, ga Magajin Gari da goshi fayau, yana gaida mutane hannu biyu a ƙirji. Ba wanda ya tambaye shi, kowa ya gane. Da na waiga sai ga Sabitra ta taho da sauri riƙe da hannun 'yarta, tana kuka, ta jera da mijinta. Kansilan nan mai son zakuna yana tsaye a ƙofar shagonsa da 'ya'yansa uku, ya kasa haɗa ido da mu. Ni da na fito ina jin kunya, sai na ji kamar ƙasa ba za ta ɗauke ni ba don alfahari. Na gyara gyalena na ɗaga kai.

Ranar da aka koma makaranta kansiloli suka kawo 'ya'yansu, benci bai isa ba, daga rumfata aka ari biyu. Masu ƙirga suka zo daga Kathmandu, suka ƙirga, suka tafi, ba su ɗauke mana malami ko ɗaya ba.

Lok Bahadur har yau ba ya amsa gaisuwarsa. Khagendra kuwa duk Dashain sai ya je ya durƙusa a gabansa, ya taso haka nan, goshi fayau.